Kabarin Aro

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina ci gaba" tun kafin in sha kofi, ga shi nan, ku sarara min. Ke kuma da kika rubuto cewa Dora ba ta da zuciya, karanta wannan shafin tukuna, sannan ki dawo mu yi magana.

*

Takalmin ta fara cirewa.

Kullum haka take yi in ta shigo ɗakin shirinta, kafin ta zauna, kafin ta sha ruwa. Shekara goma sha ɗaya ke nan Lauya Dora Lacalamita tana yanke hukunci a shirin Kotun Tsakar Rana. Italiya kaf an san fuskarta da baƙar rigarta da gudumarta, amma babu wanda ya san ƙafafunta a kumbure suke a ƙarƙashin teburin nan.

Juma'a ce, ranar da ake watsa shirin kai tsaye. Sauran kwanakin a yini ɗaya ake ɗaukarsu, a canza mata 'yan kunne a ce Litinin ce, a sake canzawa a ce Talata ce. Ta jingina da kujera ta lumshe ido, tana roƙon Allah kada kowa ya shigo kafin a kira ta.

Aka turo ƙofar ba ƙwanƙwasawa.

"Addolorà."

Idonta ya buɗe. A duk birnin Roma babu mai kiranta da wannan sunan. Addolorata aka raɗa mata, gidan talabijin ne ya datse shi ya koma Dora, wai sunan ya cika baƙin ciki ga mutanen da ke cin abincin rana.

Yayarta Pasquina ce tsaye da baƙar kwat ɗinta ta zuwa coci, da jaka a hannu.

"Pasquì! Yaushe kika zo? Wa ya bar ki kika shigo?"

"Na ce wa mai gadin ni yayar alƙaliya ce, har sunkuya min ya yi. Jirgin ƙasa na biyo da safe."

"Ki kira ni mana."

"In kira ki?" Pasquina ta yi wata dariya marar daɗi. "Wayarki ai ado ce."

Ta dire jakar a kan teburin kwalliya, ta ture hoda da janbaki gefe, ta fito da burodin focaccia naɗe a tsumma, man zaitun har ya ɓullo ta jikin tsumman. Haka mutanenmu suke. Ko sun zo tsine maka ne, sai sun taho da abinci.

"Ci. Kin rame kamar tsintsiya."

"Mamma ce?"

"Likita ya sallamo ta gida. Jiya Fada ya zo ya shafa mata man masu shirin barin duniya."

Dora ta dafe teburin. Ta san Mamma ba ta da lafiya, tana tura kuɗin magani, tana cewa sati mai zuwa za ta je garinsu Torrevaglio. Satin nan mai zuwa ya fi shekara yana zuwa.

"Ana gama shirin nan za mu tafi. Zan sa a kawo mota."

"Ba don wannan na zo ba. In don mutuwa ce, da waya zan gaya wa yarinyar ofishinki, ita ta gaya miki."

"To mene ne?"

"Ina za mu sa ta?"

"Kamar yaya ina za mu sa ta? Kusa da Papà mana. Raminta na nan a bangon maƙabarta inda ake jera akwatunan gawa, tare suka saya, layi na biyu. Har sunanta an sassaƙa a marmarar tun yana da rai."

Pasquina ta zauna a kan kujerar mai kwalliya, ta ɗora hannuwa a gwiwa, tana kallon ƙanwarta kamar yau ta fara ganinta.

"Yaushe rabonki da kabarin Papà?"

Dora ta mayar da idonta kan burodin.

"Na tambaye ki."

"Na yi aike ranar tunawa da matattu, an kai furanni."

"An kai. Manya kuwa, sai da suka tare hanya. Da da ƙafarki kika je, da kin ga hoton wa ke jikin ramin Mamma."

"Hoton wa?"

"Cosimo."

"Wane Cosimo?"

"Cosimo nawa kika sani? Ɗan Kummà Rocchina. Wadda ta riƙe ki ranar baftismarki, in har kina tunawa."

Ta tuna. Cosimo da babur ɗinsa, da kwanar hanyar Altamura inda ya yi hatsari ya mutu. Lokacin tana tsakiyar ɗaukar shiri, saƙon ta'aziyya ta tura.

"Ranar da ya mutu babu rami ko ɗaya a bangon maƙabarta," in ji Pasquina. "Kin san garinmu, sabon bangon da aka yi alkawari har yau tubali biyu ne da ciyawa. Aka ce sai dai a ajiye akwatinsa a ɗakin jira, a ɗora kan na wasu. Rocchina ta zo ta faɗi a ƙafar Mamma. Mamma ta ce, ɗauki nawa aro, ni ban shirya ba tukuna. Aka ɓamɓare marmararta, tana nan a ɗakin ajiyarmu bayan tulunan mai. Duk wanda ya je ɗebo mai sai ya gaisa da sunan Mamma."

"Ba wanda ya gaya min."

"Ba wanda ya same ki."

Dora ta murza goshinta. Tsohuwar lauyar da ke cikinta, wadda ta yi shekara ashirin tana hawa da sauka a matakalar kotun birnin Bari da takardun gado a hammata, ta ɗago kai a gajiye.

"To ai wannan mai sauƙi ne. Ramin da sunan Mamma yake a ƙaramar hukuma. Aro ba ya zama mallaka. Ko wane alƙali aka kai wa, Mamma ce da gaskiya."

"Haka ne?"

"Haka doka take."

"Ikon Allah." Pasquina ta tafa hannu a hankali. "To ke kuma me ya sa kika ce ba haka ba?"

"Ni? Yaushe?"

"Watan jiya. A akwatin talabijin. Tsohuwar da ta ba maƙwabciyarta aron rami, ta zo tana so a mayar mata. Kika ɗaga gudumarki kika ce, wanda ya kwanta ya kwanta, ba a tashin ɗan mutane daga barci don tsohuwa tana son kusa da mijinta. Kika buga. Mutane suka tashi tsaye suna tafi."



Dora ta tuna shari'ar. Ta biyar ce a ranar, ta ƙarshe. A takardarta ta rubuta cewa mai ramin ce da gaskiya. Sai 'yar wasan da aka ɗauko ta fito a uwar yaron ta fashe da kuka, kuka mai kyau, har masu kallo na share ido. Sai muryar Manlio, mai shirya shirin, ta shigo ta ɗan abin da ke maƙale a kunnenta: ba uwar yaron gaskiya, Dora, ba ta, jama'a na tare da ita. Ƙafarta na zogi, kanta na sarawa, so take kawai ta je gida ta kwanta. Ta ba ta.

"Pasquì, wannan ai wasa ne."

"Wasa?"

"'Yan wasa ne! Matar nan da ta yi kuka, bara ita ce ta fito a wadda aka sace wa kare. Ni ba alƙaliya ba ce, lauya ce, rigar ma ta gidan talabijin ce. Gudumar nan kin taɓa ganin alƙalin gaske a ƙasar nan yana buga ta? Ana rubutawa a ƙarshen shiri cewa kwaikwayo ne."

"Rubutun nan da yake gudu kamar ɓera? Wa yake karanta shi? Mamma da ko allura ba ta iya zura wa zare?"



"Bari ki ji," in ji Pasquina, muryarta ta yi ƙasa. "Rocchina ta riga ta yarda. Surukanta sun samu gurbi a nasu wurin, can garin mijinta. Nisa ne, ba za ta iya zuwa kullum ba kamar yadda take yi yanzu, amma ta yarda, don ta ga jikin Mamma. Har an yi magana da mai haƙa. Sai ga shirinki. Su biyun suna zaune a kicin ɗinmu suna ɓare wake, suka kalla tare."

"Sai Rocchina ta fasa."

"Rocchina ba ta ce uffan ba. Mamma ce ta ajiye kwanon waken ta ce, shi ke nan, Lauya ta yanke. A bar yaron ya yi barcinsa."

"Ki ce mata kuskure ne! Ba ni ita a waya yanzu in gaya mata."

"Na gaya mata har bakina ya bushe. Cewa ta yi, abin da Addolorata za ta faɗa min a waya don ta faranta min ne, abin da ta faɗa da rigar alƙali shi ne gaskiya. Rocchina kuma ta ce ita wace ce da za ta ƙetare hukuncin kotu. Tsofaffi biyu, kowacce tana kuka a ɗakinta, kowacce tana biyayya ga gudumarki."

Dora ta kalli fuskarta a madubi, an shafe ta da hoda kamar bangon da aka yi wa sabon fenti. Saboda me ta baro Bari tun farko? Saboda ta gaji da shari'ar da ake ɗagawa har mai ƙara ya mutu 'ya'yansa su gaji zuwa kotu. Wata rana ta tsaya a bakin kotu ta zazzage wa wani ɗan jarida abin da ke ranta, bakinta ya burge masu talabijin, suka kira ta. Suka ce a nan, kafin taliya ta huce an gama shari'a. Ta ɗauka hutu ta samu. Yau ta ji gajiyar shekarun nan duka ta taru ta zauna mata a ƙirji, kuma ta ji kunya irin wadda rabonta da ji tun tana yarinya.

"Ko da wasa ne," ta ce a hankali, "ta yaya labarin ya yi kama da namu haka?"

"Yanzu kika yi tambaya."

Kafin Pasquina ta ƙara, Manlio ya leƙo da kansa, da na'urar magana rataye a wuya, yana tauna cingam.

"Dora, ranki ya daɗe, an kusa. Yau mai sauƙi ce, maƙwabta biyu da itacen lemo. Au, baƙuwa muka yi? Sannu, Signora. Wannan ƙamshin fa? Focaccia ta gaske!"

"Manlio, shigo. Rufe ƙofar."

"Lokaci fa..."

"Shari'ar ramin aro ta watan jiya. Daga ina marubutanka suka samo ta?"

"Kai, wannan ai ta yi kasuwa! Ranar mun doke kowa." Ya gutsuri burodin ba tare da an yi masa tayi ba. "Layin masu kallo ne. Wata tsohuwa ce ta bugo, 'yar kudu, harshenta da ƙyar yaran suka gane. Ta ƙi faɗin sunanta. Muka canza garin, muka ƙara gishiri, shi ke nan."

"Me ta ce?"

"Labarin dai. Wai ta ba da aro, tana so ta san ko laifi ne ta nemi a mayar mata. Sai da ta bugo ban san sau nawa ba, wai ita Lauya take so ta yanke da bakinta, ba wani ba." Ya yi dariya da abinci a baki. "Abin da ya ba mu dariya ma, da za ta ajiye wayar sai ta ce, ku gaya wa Lauya ta daina fita da jiƙaƙƙen gashi, tun tana ƙarama yake sa mata ciwon kunne. Tsofaffin nan! Gani suke kamar su suka haife ki."



Manlio ya kalli Dora, ya kalli Pasquina, ya sake kallon Dora. Hancin iri ɗaya, haɓar iri ɗaya. Taunar ta tsaya.

"Wayyo, Madonna," ya ce.

"Lambarki Mamma ta yi ta kira har ta haddace muryar yarinyar ofishinki," in ji Pasquina. "Sai ta ga lambar da ke wucewa a ƙasan akwatin, ta sa ni na kwafa mata da manyan baƙaƙe. Ban san abin da za ta yi da ita ba sai ranar waken."

Dora ba ta yi kuka ba. Hodar ba ta ba da damar kuka, shekara goma sha ɗaya sun koya mata haka. Ta sunkuya ta fara tura kumburarriyar ƙafarta cikin takalmi.

"Me kike so in yi, Pasquì?"

"A inda kika faɗa, a nan za ki warware. Da rigar, da gudumar. Yau."

"A'a, a'a, a'a." Manlio ya ɗaga hannu biyu. "Signora, ki yi haƙuri, Allah ya ba mahaifiyarku lafiya, amma a'a. Dora, saurare ni. Mu shirya shi da kyau. Sati biyu, mu kawo shari'a mai kama da ita, ki yanke akasin haka, kowa ya ji daɗi."

"Sati biyu," in ji Pasquina. "Kai yaro, Fada ya riga ya shafa mai."

"To mu je da kyamara garin! Ke da mahaifiyarki, a bakin gado, mutane za su..."

Kallon da Dora ta yi masa ya sa ya haɗiye sauran.

"Dora, in kika tsaya a gaban ƙasar nan kika ce hukuncinki ba hukunci ba ne, me ya rage mana? Kin san abin da kika sa wa hannu. Ba ni zan kore ki ba, daga sama za a bugo kafin ki ajiye gudumar. Kuma ina za ki? Bari? A shekarunki? Ki koma bin layi a matakala da yaran da suka girma suna kallonki?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ta san gaskiya ce. Rabonta da buɗe kundin doka don shari'ar gaske har ta manta.

"Akwai kuma abin da ban gaya miki ba," in ji Pasquina tana ɗaure bakin jakarta. "Don kada ki ce na ɓoye miki. Tunda Mamma ta kwanta, Rocchina ce take juya ta, ita take mata wanka, ita take ba ta ruwa a cokali. Ni bayana ba ya iyawa. In kika warware, ɗan matar nan za a fasa wa bango a fito da shi."

"In kuma ban warware ba?"

"Mamma sai ɗakin jira. A kan akwatin wasu. Papà kuma yana can layi na biyu da Cosimo a gefensa."

Aka buga ƙofa, wata murya ta ce a fito, an kunna fitilu.

Dora ta miƙe. Manlio da kansa ya ɗauko baƙar rigar ya riƙe mata, yana raɗa mata, "Itacen lemo, Dora. Don Allah. Itacen lemo kawai." Ya maƙala mata abin kunnen.

Ta bi dogon lungun, takalmin na cizonta. Pasquina na biye da ita tana danna waya.

"Rocchina? Ni ce. Ta farka? To kunna mata akwatin. Ɗaga mata kai da matashi. Ke ma zauna, kada ki tafi ko'ina. A'a, kada ki kashe wayar, bar ni a kan layi."

Masu kallo suka miƙe da tafi kamar yadda ake koya musu kafin a fara. 'Yan wasa biyu na tsaye a wurarensu, ɗaya riƙe da reshen lemo. Dora ta hau kujerarta ta zauna. Can bayan kyamara, a cikin duhu, ta hango baƙar kwat ɗin yayarta da wayar manne a kunne.

Jar fitila ta kama.

"Gaisuwa, Dora," in ji muryar Manlio a kunnenta. "Barkanku da rana. Faɗi mana. Dora. Dora!"

Ta sa yatsa biyu ta zare abin kunnen, ta ajiye shi kusa da gudumar. Ƙararsa ta fita a lasifika, tafin ya mutu.

Ta kalli cikin kyamarar sosai, ta bar harshen Roma, ta koma harshen kicin ɗinsu.

"Mamma, ni ce Addolorata. Kina ji na?"

A cikin duhun, Pasquina ta sauke wayar daga kunnenta a hankali. Ta ɗaga hannun dama ta taɓa goshinta, ta taɓa ƙirjinta, ta kai kafaɗar hagu, alamar gicciyen da suke yi idan rai ya fita.